Matatar Mai ta Kaduna

Matatar Mai ta Kaduna ita kaɗai ce matatar gwamnatin tarayya a arewacin Najeriya. Tana kan hanyar Kachia, a ƙaramar hukumar Chikun. Kamfanin Chiyoda na Japan ne ya gina ta, aka buɗe ta a 1980 da ƙarfin tace ganga 100,000 na ɗanyen mai a rana, daga baya aka ƙara zuwa 110,000.

Ba don fetur da kananzir da dizal kaɗai aka yi ta ba. Tana da sashen man juye da kwalta da kaki, kuma a 1988 aka ƙara mata masana'antar sinadarin LAB, wanda da shi ake haɗa garin sabulu. Har sashen ƙera gwangwani da durom gare ta. A lokacin da masaƙun Kaduna ke aiki dare da rana, matatar na cikin wuraren da suke samun baƙin man da ke kunna tukwanensu.

Babbar matsalarta nisa ce. Babu rijiyar mai a kusa, sai an turo ɗanyen mai ta bututu tun daga Escravos a jihar Delta, ya bi ta Warri, tafiyar kilomita ɗaruruwa. Ko'ina aka fasa bututun a hanya, Kaduna ta tsaya cik. Sashen man juye kuwa nau'in ɗanyen mai mai nauyi yake buƙata, wanda a da ake sayowa daga ƙasashe irin su Benezuwela da Saudiyya. Ga kuma sakacin gyara na shekara da shekaru. A 2023 kamfanin NNPC ya ba Daewoo na Koriya ta Kudu kwangilar gyara ta kimanin dala miliyan 740.

Abin takaici shi ne, matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram a Jamhuriyar Nijar, wadda aka buɗe a 2011, ganga 20,000 kacal take tacewa a rana, amma ta daɗe tana aiki saboda bututunta daga rijiyoyin Agadem da ke gabashin Nijar yake zuwa kai tsaye. Shi ya sa ake sa ido kan man Kolmani da ya fi kusa da Kaduna, a iyakar Bauchi da Gombe, inda aka ƙaddamar da aikin haƙa a 2022. Sai dai kasuwa ta sauya: matatar Dangote mai ganga 650,000 ta fara fitar da fetur a 2024, kuma tankoki na kawo shi Arewa daga Legas.