Zanen kamiliya a tsofaffin littattafan tsirrai na Turai

Kamiliya ƙaramar bishiya ce mai ganye kore mai sheƙi, wadda ake shukawa a lambu saboda kyan furenta. Asalinta daga Japan da Sin da Koriya take, kuma danginsu ɗaya da itacen da ake samun ganyen shayi. Masu zane a waɗannan ƙasashe sun daɗe suna zana ta a kan takarda da siliki da tangaran, amma shigarta littattafan ilimin tsirrai na Turai ta soma ne a farkon ƙarni na 18.

Zanen farko

Engelbert Kaempfer, wani likita Bajamushe da ya yi aiki a sansanin 'yan kasuwar Holan da ke Nagasaki daga 1690 zuwa 1692, ya buga bayaninta da hotonta a littafinsa na 1712, inda ya kira ta da sunanta na Japan, tsubaki. A 1753 masanin tsirrai ɗan Sweden, Carl Linnaeus, ya raɗa mata suna Camellia japonica domin tunawa da Georg Joseph Kamel, wanda ya yi nazarin tsirrai a Filifin, ko da yake ana kyautata zaton Kamel bai taɓa ganin bishiyar ba. A Ingila an ruwaito cewa ta fara fure a lambun Lord Petre da ke Essex a wajajen 1739, kuma 'yan shekaru bayan haka mai zanen tsuntsaye George Edwards ya saka reshenta a zanen wani tsuntsu.

Lokacin bunƙasa

Zuwan nau'o'i masu ruɓanyar fure (wato masu ganyen fure da yawa jeri-jeri) daga Sin a jiragen fatake, tun daga 1792, shi ya sauya salon zanen. Mai zanen kimiyya yakan nuna reshe da ganye, sannan ya tsaga furen a gefen shafi domin a ga sassan haihuwarsa, amma yawancin sababbin nau'o'in sun rasa waɗannan sassa, don haka hankali ya koma kan jerin ganyen fure da ratsin ja a kan fari. Akan sassaƙa hoton a farantin tagulla a buga shi, sannan ma'aikata su bi kowane kwafi da buroshi suna shafa launi da hannu, abin da ya sa kwafi biyu na littafi ɗaya ba sa zama iri ɗaya sak.

A 1819 Samuel Curtis ya fitar da littafi a kan kamiliya mai manyan zanuka biyar na Clara Maria Pope, waɗanda har yau ba kasafai ake samun na biyunsu wajen kyau ba. A Paris, wani limamin coci ɗan Italiya mai suna Lorenzo Berlèse ya wallafa juzu'i uku a farkon shekarun 1840, ɗauke da zanuka 300 na J. J. Jung. Gidan renon tsirrai na iyalin Verschaffelt a birnin Ghent na Beljiyam ya zarce su a yawa, domin tsakanin 1848 da 1860 ya buga sama da zanuka 600, waɗanda sun fi kama da tallar haja fiye da binciken kimiyya. Ana saɓani kan wasu sunayen da ke cikinsu, saboda nau'i ɗaya kan fito da suna fiye da ɗaya.

Amfaninsu a yau

Yayin kamiliya ya ja baya a Turai kafin ƙarshen ƙarni na 19. Masu kula da tsofaffin lambuna na amfani da zanukan wajen gane nau'o'in da sunayensu suka ɓace.