Kwaikwayon Girman Itatuwan Marmari a Kwamfuta

Kwaikwayon girman itatuwan marmari a kwamfuta fanni ne na kimiyyar noma da ake rubuta rayuwar bishiya da lissafi, a ɗora wa kwamfuta ta riƙa tafiya da shi rana bayan rana. Ana ba ta bayanin hasken rana, zafi, ruwan sama da irin ƙasa, ita kuma ta fitar da hasashen yawan ganye da rassa, lokacin huda, girman 'ya'ya da ranar nunarsu. Shirin da aka gina don wannan aiki shi ake kira samfuri. Fannin ya shafi itatuwan da ake cin 'ya'yansu, kamar tuffa, lemu da mangwaro, da waɗanda ake nema don ƙwayarsu, kamar almon, kashu da koko.

Me ya sa bishiya ta fi hatsi wuyar lissafi

Gero da masara damina ɗaya suke yi su gama rayuwa, don haka mai bincike kan iya maimaita gwaji kowace shekara. Bishiya kuwa ba ta mantuwa. Abin da ta sha bara yana bin ta bana. Idan ta yi 'ya'ya fiye da ƙarfinta, sai ta cinye sitacin da ta tara a gindi da saiwa, shekara mai zuwa ta yi ƙwauron huda. Masu lambun mangwaro sun san wannan tun kafin a ƙera kwamfuta, shi ya sa suke cewa bishiya tana hutawa. A kwakwar manja lamarin ya fi nisa: tun kusan shekara biyu kafin a sare nonon kwakwa ake yanke ko furen zai zama mace ko namiji, saboda haka farin bana sai baɗi ko baɗin baɗaɗa zai bayyana a yawan manja. Ga kuma hannun manomi, wanda ke datse rassa, ya rage 'ya'ya, ya yi wa bishiya aure da wani iri. Gwajin gona a kan irin waɗannan abubuwa kan ci shekara goma, kwamfuta kuwa ta bi shekara goman cikin 'yan mintoci.

Asali

Tun a 1735 masanin Faransa Réaumur ya lura cewa idan aka tara zafin kowace rana, jimillar kan nuna lokacin da amfanin gona zai nuna. A 1953 wasu 'yan Jafan biyu, Monsi da Saeki, suka bayyana da lissafi yadda haske ke raguwa yayin da yake ratsa ganye daga sama zuwa ƙasa. C. T. de Wit na Wageningen a Holan ya yi amfani da kwamfuta a 1965 wajen ƙididdige abincin da ganyen gona ke haɗawa da hasken rana, kuma daga makarantarsa yawancin samfuran hatsi suka fito.

Ta ɓangaren siffa kuwa, Aristid Lindenmayer, ɗan asalin Hangari da ya koyar a Utrecht ta Holan, ya fito a 1968 da tsarin da yanzu ake kira tsarin L. Dabararsa mai sauƙi ce. A kafa doka ɗaya, misali: duk idon toho ya zama gaɓa guda mai ɗauke da sababbin idanu biyu. A zagayen farko idanu biyu ne, na biyu huɗu, na goma 1,024. Idan aka ƙara wa dokar kusurwar da reshe zai karkata da tsawon gaɓa, sai ga bishiya ta tsaya a allo. Przemysław Prusinkiewicz, wanda ya daɗe a Jami'ar Calgary ta Kanada, shi ya mayar da tsarin kayan aikin zana tsirrai.

Afirka ta Yamma ma tana da hannu a tarihin. A Kodebuwa ne Philippe de Reffye ya ƙirga gaɓoɓin itacen kofi a shekarun 1970, ya nuna cewa tohowar ido ko mutuwarsa na bin ƙa'idar yiwuwa, kamar jefa kwabo. Aikinsa ne tushen ɗakin binciken AMAP da ke Montpellier a Faransa. A 1978 kuma Hallé da Oldeman da Tomlinson suka kasa itatuwan ƙasashen zafi gida 23 bisa tsarin ginin jikinsu: gwanda da kwakwar manja gida ɗaya suke, sanda ɗaya ba reshe, mangwaro da koko kowanne da nasa gidan.

Akwai bishiyar da duk mazaunin Legas ya sani, mai faffaɗan ganye da rassa hawa-hawa kamar laima, wadda masu gyaran taya da masu shayi ke fakewa a inuwarta. Ana ce mata furut ko almon, amma ba ita ce almon ɗin Kaliforniya ba. Dangin baushe ce, sunanta na kimiyya Terminalia catappa. A kanta Honda da Fisher suka yi wani sanannen bincike a 1978. Sun riƙa sauya kusurwar rassanta a kwamfuta, suka tarar kusurwar da ta fi hana ganye rufe wa juna haske ta yi kusa ƙwarai da wadda bishiyar ke bi da kanta.

Littafin shiga da fita

Zuciyar yawancin samfuran ita ce lissafin sukari, kuma duk wanda ya taɓa riƙe littafin shago zai gane shi. Ganye ne ke kawo kuɗin shiga: yana haɗa sukari daga haske da ruwa da iskar kabon. Samfura da dama na ƙididdige wannan da lissafin da Farquhar da von Caemmerer da Berry suka wallafa a 1980. Masu ci kuwa suna da yawa: 'ya'ya, sabon toho, gindi, saiwa. Kafin a ba kowa, sai an cire kuɗin cefane, wato sukarin da kowane sashe mai rai ke ƙonawa ta numfashi dare da rana. Wannan kaso yana ƙaruwa da zafi. Ƙarin digiri 10 kan kusan ninka shi. Abin da ya rage bayan kowa ya ci sai ya shiga rumbu a matsayin sitaci.

Wahalar tana wurin rabo. Samfurin PEACH, wanda Grossman da DeJong na Jami'ar Kaliforniya a Davis suka fitar a 1994 don itacen fic, wani ɗan itacen ƙasashen sanyi mai ƙwallo ɗaya a tsakiya, ya ɗauki bishiya kamar gida mai tukunya ɗaya. Ana fara biyan numfashi, sannan 'ya'ya da ganye da rassa su ɗiba gwargwadon buƙatarsu, saiwa ta tashi da ƙanzo. Duk da sauƙinsa ya bayyana abin da manoma suka daɗe suna gani: ɗan itacen da ya sha yunwa a makonnin farko ba ya cike gurbin daga baya, don haka rage 'ya'ya da wuri ya fi amfani. Daga wannan layi na bincike aka gano cewa zafin kwana 30 na farko bayan huda shi ke nuna ranar girbi, kuma idan kwanakin suka yi zafi sosai 'ya'yan kan yi saurin nuna, su fito ƙanana.

Sai dai bishiya ba tukunya ɗaya ba ce. Ɗan da ke kusa da ganyen da rana ke bugawa ya fi na cikin duhuwa samu. A 2005 Allen da Prusinkiewicz da DeJong suka haɗa lissafin sukari da tsarin L, suka samar da L-PEACH, inda kowace gaɓa da kowane ganye da kowane ɗa ke da nasa asusun. Sun aro lissafin da'irar lantarki: sukari na gudu ta jijiyoyin ɓawo kamar wuta a waya, nisa na rage masa ƙarfi. Wanda ya zauna a gidan ƙarshen layi a Agege ko Idi-Araba, yana kallon ƙwan fitilarsa ya yi ja alhali na bakin taransifoma na haske tar, ba ya buƙatar dogon bayani. A cikin wannan samfuri mutum zai iya datse reshe a allo, ya ga yadda idanun da ke barci a ƙasa za su farka. Irin waɗannan su ake kira samfuran siffa da aiki, kuma taronsu na farko na duniya a Helsinki aka yi shi a 1996. Daga baya an sauya L-PEACH ya dace da almon, amfanin da Kaliforniya ke samar da kusan kashi 80 cikin 100 na duniya. Faransa ta fitar da MAppleT don tuffa a 2008.

Wanda ya fi shiga hannun manoma, a ganina, shi ne mafi rashin ado. MaluSim na Alan Lakso a Jami'ar Cornell ta Amurka ba ya zana ko ganye ɗaya. Lissafa wa mai gonar tuffa yake yi ko bishiyarsa na cikin ƙarancin sukari a makon, domin a lokacin ƙaranci, kamar ranakun hadari masu ɗumin dare, maganin rage 'ya'ya kan kakkaɓe fiye da yadda ake so.

Sanyi da zafi

Tuffa da almon da fic suna zubar da ganye su yi barci, kuma ba sa farkawa daidai sai sun sha sanyi isasshe. A 1950 Weinberger ya ƙirga awannin da ma'auni ke ƙasa da digiri 7.2. Samfurin Utah na 1974 ya ƙara cewa rana mai zafi na goge sanyin da aka tara. A 1987 Fishman da Erez da Couvillon suka fito da wani wanda ya fi dacewa da ƙasashe masu ɗumi irin Isra'ila. Duk wanda aka gwada da yanayin Legas, amsar kusan sifiri ce, shi ya sa tuffar da ake tallarta a gosulo ta jirgin ruwa take zuwa.

Lissafin zafi kuwa ya fi sauƙi. Idan iri ba ya girma ƙasa da digiri 10, ranar da matsakaicin zafinta ya kai 28 ta ba shi maki 18. Ana tarawa har a kai jimillar da irin ke buƙata kafin ya nuna.

Itatuwan ƙasashen zafi

Nan ne aro ke ƙarewa. Mangwaro ba ya barci gaba ɗaya ya farka gaba ɗaya. A bishiya guda za ka ga gefe ɗaya da jajayen sababbin ganye, gefe ɗaya da huda, wani reshen kuma shiru. Sanyin dare irin na hunturu yana tayar da huda, amma a wurare masu ɗumi tsufan reshen shi ne kan gaba. Samfurin V-Mango, wanda masu binciken CIRAD, cibiyar binciken noma ta Faransa, suka wallafa a 2020, an gina shi ne kan irin Cogshall a tsibirin Reunion da ke Tekun Indiya. Aikin da ke bayansa na haƙuri ne: a ɗaura wa kowane toho alama, a rubuta ranar fitowarsa da abin da uwarsa ta yi bara, ganye ko huda ko ɗa, a maimaita shekara da shekaru. Don auna girman ɗa kuwa, sukan yanke zoben ɓawo a gindin reshe don kada sukari ya fita, su bar wa ɗa guda ganye 10, wani kuma fiye da 100, su riƙa auna kaurinsa har ya nuna.

Koko ya samu nasa samfurin daga Wageningen a 2005, SUCROS-Cocoa, wanda ya nuna cewa hasken shekara da ruwan da aka samu a watannin da suka fi bushewa su ne suka fi juya yawan amfani. Kwakwar manja na da samfura da dama, ciki har da PALMSIM na 2014.

Dangantakarsa da kasuwannin Legas

Hausawan Legas ba su cika mallakar waɗannan gonaki ba, amma abincin da yawansu a jikin bishiya yake. Zangon Agege ya bunƙasa ne da cinikin goro, bayan gonakin goro sun yawaita a yankin kuma layin dogo ya haɗa Ikko da Kano. A Mile 12 da kasuwar kayan marmari ta Ketu ana sauke lemu da mangwaron Binuwai, kashun Ogbomosho da na Kogi na bi ta Apapa zuwa Asiya, Badagry kuma na ba da kwakwa. Dillalin da ya kwance kwandon mangwaro ya ga 'ya'yan sun yi yawa amma duk ƙanana, ya ce wa yaronsa bana bishiya ta yi haɗama, lissafin PEACH ya yi da baka. Haka mai goron da ke shawarar ko ya ɓoye huhu ya zama daushe ko ya sayar yanzu: hasashen girbi mai zuwa yake yi, ta hanyar kiran waya zuwa Shagamu da Ondo.

Fitattun samfuran da aka ambata duk an gina su ne kan itatuwan da ke da manyan gonaki da kuɗin bincike a bayansu. Goro da kaɗanya da ɗorawa ba sa cikinsu. Goro ma yana da tasa matsalar: itatuwa da yawa ba sa karɓar garin furen kansu, wasu ma ba sa karɓar na maƙwabtansu, don haka bishiya na iya cika rumbu da sitaci ta kuma ƙi haihuwa. Samfurin da sukari kaɗai yake ƙirgawa zai yi kuskure a nan. Cibiyoyin da alhakin waɗannan itatuwa ke wuyansu a Najeriya su ne CRIN a Ibadan, wadda aka kafa a 1964 take kula da koko, goro, kofi, kashu da shayi. Sai NIHORT mai binciken kayan lambu da na marmari, ita ma a Ibadan tun 1975, mai reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Da NIFOR mai binciken kwakwar manja, kusa da birnin Benin, wadda ke da tashar binciken dabino a Dutse.

Iyakarsa

Samfuri ba ya wuce ingancin alƙaluman da aka ciyar da shi. Kafin a yarda da shi sai an daidaita shi da awon wata gona, sannan a jarraba shi da wata gonar da bai taɓa gani ba. Saiwa ce aka fi jahilta, domin ba a ganinta sai an haƙa, haƙa kuwa kisa ne. Yawancin samfuran suna ɗauka cewa babu ƙwari, babu cuta, taki ya wadata, saboda haka abin da suke bayarwa shi ne iyakar abin da bishiya za ta iya, ba abin da manomi zai kwasa ba. Na'urar leza da jirage marasa matuƙi sun rage wahalar auna rassa da faɗin inuwa, hotunan tauraron ɗan'adam kuma na cike giɓin bayanan yanayi. Auna sitacin da ke rumbu kuwa har yanzu sai an huda gindi ko an tono saiwa, an busar, an niƙa, an kai ɗakin gwaji, kuma a yi hakan wata-wata har shekara ta zagayo.