Selulos a Matsayin Sinadarin Ƙari a Abinci

Selulos shi ne sinadarin da ya gina bangon ƙwayoyin halittar tsirrai, shi ke ba kara da ganye ƙwari. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Anselme Payen, ne ya fara ware shi a 1838. Kusan kashi 90 cikin ɗari na zaren auduga selulos ne, a itace kuwa kashi 40 zuwa 50. Shi ya sa wanda ake sa wa abinci akan samo shi daga itacen da aka niƙa aka tace, ko daga guntun gashin da ke jikin angurya.

Tataccen selulos farin gari ne, ba wari ba ɗanɗano. A jikin kwalin abinci yakan zo da lambar E460. Akwai kuma danginsa da aka sauya wa tsari da sinadarai, kamar E461 da E466, wanda aka fi sani da CMC.

Aikinsa ya rataya ne a kan yadda yake mu'amala da ruwa. A cikin cukun da aka goge aka ɗure a leda, garin yana shanye danshi, sai silin cukun su zubo a warwatse maimakon su dunƙule. A askirim yana hana ƙanƙara yin manyan ƙwayoyi masu ƙaras-ƙaras a baki. Yana kaurara miya, yana ƙara auki a burodin masu rage ƙiba, masu haɗa magani kuma da shi suke ɗaure ƙwaya. E461 na da wani hali na ban mamaki: zafi ne ke daskarar da shi, in ya huce ya saki. Wannan ya sa masu ƙera nama daga tsirrai suka riƙe shi hannu bibbiyu.

Cikin ɗan Adam ba shi da sinadarin narkar da selulos. Saniya da sauran masu tuƙa ma ƙananan halittun da ke zaune a tumbinsu ne ke yi musu aikin. A jikin mutum, mafi yawansa yadda ya shiga haka yake fita, kamar dai wanda ke cikin ganye da wake. Kwamitin masana na hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya bai ƙayyade masa adadin ci a rana ba, hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ma ta tsaya a kan haka a 2018. Wanda ya ci shi da yawa na iya fama da kumburin ciki ko gudawa.

Surutun da aka yi a Amurka a 2016, cewa ana zuba garin katako a cuku, ya fi kusa da batun algus fiye da guba: an sayi cuku, an samu an cika ma'auni da abu mai araha.

Inda masana suka fi zuba ido shi ne CMC. Wani bincike a kan ɓeraye da mujallar Nature ta buga a 2015 ya nuna yana sauya ƙananan halittun da ke zaune a hanji, yana kuma tayar da kumburi. Gwajin da aka buga a 2022, inda aka ba wasu daga cikin mutum 16 giram 15 kullum har kwana 11, ya ga irin wannan sauyi a hanjinsu. Mutanen ba su da yawa, adadin kuma ya zarce abin da akasari ake ci, don haka ana ci gaba da bincike.