Rubutun Facebook Yana Iya Zama Shaida a Kotu

Mutane da yawa sun daɗe suna ɗauka cewa abin da aka rubuta a Facebook hira ce kawai wadda alƙali ba zai saurara ba, musamman idan mai rubutun ya goge shi. Wannan fahimta ta yi hannun riga da dokar Najeriya. Tun shekarar 2011, sashe na 84 na Dokar Shaida ya ba kotuna damar karɓar bayanan da suka fito daga kwamfuta ko waya, muddin aka tabbatar da yadda na'urar ta fitar da su. Sharaɗin nan ba na wasa ba ne, domin a shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar takardun da aka buga daga intanet saboda ba a cika shi ba.

Gogewa ba ta kuɓutar da mutum idan wani ya riga ya ɗauki hoton rubutun. Wanda kuma ya yaɗa ƙazafi, ko da ya ce turo masa aka yi, ana iya ƙararsa kan ɓata suna tamkar wanda ya ƙirƙire shi.