Daidaita hoto a kyamara da madubin hangen nesa

Daidaita hoto fasaha ce da ke rage dishi-dishin da rawar hannu ke jawowa. Tsohuwar ƙa'idar masu ɗaukar hoto ita ce, gilashin kyamara (lens) mai tsawon hange na milimita 300 ba a bar masa ƙofar haske a buɗe fiye da kashi 1 cikin 300 na daƙiƙa in da hannu aka riƙe kyamarar. Ana auna ƙarfin daidaitawa da mataki, kowane mataki yana ninka wannan lokaci sau biyu.

Asali

Masu fim ne suka fara matsa wa matsalar. A shekarun 1960 aka fito da Dynalens, firizim (abin karkatar da haske) mai ruwa a ciki da ake sa wa gaban kyamara, aikin Juan de la Cierva ɗan Sifaniya. Steadicam na Garrett Brown ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1970, sai dai shi kyamarar gaba ɗaya yake tallafewa da hannun ƙarfe da nauyi, bai taɓa hanyar haske ba. Galibi ana ambaton Panasonic PV-460 ta 1988 a matsayin kyamarar bidiyo ta gida ta farko mai wannan fasaha.

Cikin gilashi

Nikon ta fitar da kyamarar Zoom 700VR a 1994, Canon kuma ta kawo EF 75-300mm IS a 1995, gilashin farko da ake cirewa a sauya mai wannan tsari, da ribar kusan mataki 2. Ƙananan jairoskop (na'urori masu jin juyawa) biyu ne ke jin karkatar sama da ƙasa da ta hagu da dama. Kwamfutar ciki ta lissafa gyaran, maganaɗisu ya zamar da rukunin gilasai guda zuwa gefe, hoton ya tsaya cak a kan fim.

Tsarin farko yana da aibu. In an ɗora kyamara a kan ƙafa uku ba a kashe shi ba, sai ya riƙa farautar motsin da babu, hoton ya ɓaci. In kuma mai ɗauka yana bin mota da gangan, tsarin ya yi ta ja da shi, shi ya sa aka ƙara maɓalli na biyu mai gyara ɓangare ɗaya kawai. Har yau ba ya tsayar da abin da ke gudu, rawar hannu kaɗai yake magancewa.

Cikin jikin kyamara

Minolta DiMAGE A1 ta 2003 ta juya dabarar: farantin ɗaukar hoton ne ke motsi, gilashi na tsaye. Dynax 7D ta 2004 ta kawo wannan ga kyamarori masu sauya gilashi, tsofaffin gilasai ma suka amfana. Olympus E-M5 ta 2012 ta kai gyaran ga fuska 5, har da murɗawa, wadda gilashi ba ya iya gyarawa. An daɗe ana gardamar wanne ya fi. Yanzu ana haɗa su.

Madubin hangen nesa

Da wuya a riƙe madubi mai girmamawa fiye da sau 10 ba tare da hoton ya yi ta rawa ba. Fujinon Stabiscope, wajen 1980, ya ɗora firizim a kan jairoskop mai juyawa da sauri. Zeiss 20x60 S na 1990 ba ya buƙatar batir ko kaɗan, an rataye firizim ɗinsa a kan sifirin, maganaɗisu na kwantar da lilonsa. Canon ta shigo a tsakiyar shekarun 1990 da faranti biyu na gilashi masu ruwa a tsakani, kusurwarsu na sauyawa daidai da rawar hannu.

Wayoyin hannu

Nokia Lumia 920 ta 2012 na cikin wayoyin farko masu wannan fasaha. iPhone ta bi a 2014.