Bikin bayyana jinsin jariri

Bikin bayyana jinsin jariri taro ne da ma'aurata ke shiryawa tun mace tana da juna biyu, inda ake sanar da dangi da abokan arziki ko namiji za a haifa ko mace. Al'adar ta taso ne daga Amurka wajen ƙarshen shekarun 2000, kafofin sada zumunta kuma suka yaɗa ta. Sau da yawa iyayen ma ba su san amsar ba sai a wurin taron.

Asali

Kafin zuwan na'urar hoton ciki, sanin jinsin ɗan tayi canki-canka ne kawai. A 1958 likitan mata Ian Donald da abokan aikinsa a birnin Glasgow suka wallafa binciken da ya buɗe ƙofar duba cikin mutum da sauti, amma sai wajen shekarun 1970 zuwa 1980 hoton ciki ya zama ruwan dare a asibitocin Turai da Amurka. Galibi ana gane jinsin ne a hoton da ake ɗauka tsakanin mako na 18 da na 20. A 1997 masanin kimiyya Dennis Lo ya gano cewa ana samun ɓurɓushin ƙwayoyin halittar ɗan tayi a cikin jinin uwa, kuma daga 2011 gwajin jinin da aka gina a kan wannan bincike ya shiga kasuwa. Da shi ana iya sani tun daga mako na 10.

Launukan da bikin ya dogara da su, ruwan hoda ga mace da shuɗi ga namiji, ba su da tsohon tarihi kamar yadda ake zato. A ƙarni na 19 fararen kaya ake sa wa jarirai, maza da mata. Wata mujallar 'yan kasuwar kayan yara ta Amurka ma ta rubuta a 1918 cewa ruwan hoda ya fi dacewa da yaro, shuɗi kuma da yarinya. Ana ganin rabon da aka sani yau ya zauna ne wajen shekarun 1940, ya ƙara ƙarfi a shekarun 1980, lokacin da iyaye suka fara sayen kayan jariri bayan sun riga sun san abin da ke tafe.

An fi danganta bikin kansa da Jenna Karvunidis, wata marubuciya a intanet, wadda a 2008 ta tara danginta ta yanka kek, cikinsa ya fito da ruwan hoda. Ta ce ta sha fama da ɓari kafin nan, don haka murnarta ita ce cikin ya kai matakin da za a iya gane jinsinsa. Ta sa labarin a shafinta, wata mujalla ta ɗauka, daga nan abin ya bazu. A 2019 ta rubuta a Facebook cewa ra'ayinta game da al'adar ya sauya.

Yadda ake yi

Ma'aikacin asibiti yana rubuta sakamakon ya rufe a ambulan, a miƙa wa wani amintacce ko mai yin kek. Ranar taro a yanka kek, ko a fasa balan-balan mai cike da yankakkun takardu masu launi, ko a tashi hayaƙi mai launi.

Haɗurra

Gasar burge 'yan kallo ta jawo asarar rayuka da dukiya. A Afrilun 2017 wani jami'in tsaron iyaka a jihar Arizona ya harbi wani abin fashewa da aka cika da shuɗin gari, wuta ta kama ciyawa ta cinye fiye da eka 45,000, kotu kuma ta umarce shi ya biya diyyar fiye da dala miliyan 8. A Oktoban 2019 wata mata ta rasu a jihar Iowa bayan wani abin fashewa da aka haɗa a gida ya tarwatse. Mafi shahara ita ce gobarar El Dorado a Kalifoniya, wadda na'urar hayaƙi ta tayar ranar 5 ga Satumban 2020. Ta ƙone fiye da eka 22,000, wani ma'aikacin kashe gobara ya mutu, kuma a 2024 ma'auratan da suka shirya bikin suka amsa laifi a gaban kotu. A Meziko ƙananan jiragen sama da aka ɗauko domin bikin sun faɗi a 2021 da 2023.

A wasu ƙasashe

Bikin ya karɓu sosai a Brazil, ya kuma shiga ƙasashen Larabawa: a Satumban 2020 an haska sanarwar wasu ma'aurata a jikin ginin Burj Khalifa na Dubai. A Indiya kuwa dokar 1994 ta haramta gaya wa iyaye jinsin ɗan tayi, saboda yawan zubar da cikin 'ya'ya mata. China ma tana da irin wannan hani. Kotun tsarin mulkin Koriya ta Kudu ta soke irin wannan takunkumi na ƙasar a 2024.

A ƙasar Hausa al'adar ba ta yi saiwa ba. Kunya kan sa a yi shiru da zancen ciki, musamman na fari, taron murna kuma sai ranar suna.

Suka

Wasu na ganin bikin almubazzaranci ne, wasu kuma na cewa yana ɗora wa yaro matsayi tun bai zo duniya ba. Magoya bayansa na ɗaukarsa a matsayin dalilin tara dangi kawai.