Rubutun Ilimi da Ambaton Madogara a Fannin Aikin Walwalar Jama'a

Rubutun ilimi a fannin aikin walwalar jama'a shi ne rubutun da ɗalibi ko ma'aikacin fannin yake yi bisa ƙa'idojin bincike. Ya haɗa da jingar da malami yake bayarwa a aji, da rahoton horon sanin makamar aiki, da kundin kammala digiri wanda ɗalibai suke kira firojet, da maƙalar da ake bugawa a mujallar ilimi. Ambaton madogara kuwa shi ne nuna wa mai karatu inda aka samo kowace magana, ko adadi, ko ra'ayi. Abin da ya bambanta wannan fanni da su tarihi ko adabi shi ne ɗalibinsa yana riƙe da amana biyu masu karo da juna: dole ya bayyana sunan marubucin da ya ɗauko maganarsa, dole kuma ya ɓoye sunan bazawara ko maraya ko majinyacin da ya buɗe masa cikinsa.

Asali da tsarin kundi

Tun farko fannin ya ginu ne a kan rubuta bayanan mutanen da ake taimakawa. Littafin Mary Richmond na 1917, Social Diagnosis, wanda aka buga a Amurka, ya koyar da yadda ake tattara shaida a kan halin iyali, a auna ta, kafin a yanke shawarar irin taimakon da ya dace. Ma'anar fannin da aka fi kawowa a babin farko na kundaye ita ce wadda ƙungiyoyin duniya biyu, ta ma'aikatan fannin (IFSW) da ta makarantun koyar da shi (IASSW), suka amince da ita a Melbon ta Ostireliya a 2014. A Nijeriya, an sa hannu a kan dokar kafa majalisar kula da wannan sana'a a ƙarshen 2022.

Kundin digiri a jami'o'in Nijeriya, ciki har da Jami'ar Bayero, yawanci babi biyar ne: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hanyoyin gudanar da bincike, sakamako, sai kammalawa da shawarwari. Tsakure, wato taƙaitaccen bayanin aikin, yana zuwa a gaba, manazarta (jerin madogaran da aka ambata) da rataye a baya. Babi na biyu ne yake cin madogara fiye da sauran, kuma a nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Sau da yawa sai a ga an jero "wane ya ce, wane ma ya ce" shafi goma, ba tare da an nuna inda marubutan suka saɓa ba, balle giɓin da sabon binciken zai cike. Wanda yake nazarin almajirci a Kano, alal misali, ana sa ran ya san aikin Paul Lubeck na 1986 a kan ma'aikata da gardawa a birnin, da littafin Hannah Hoechner na 2018 wanda aka gina a kan zama da almajirai a Kano, ya kuma faɗi inda abin da ya gani da idonsa ya yi daidai da su ko ya kauce.

Salon APA

Salon da ya fi rinjaye a fannin shi ne na Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka, wato APA. Ya faro ne a 1929 a matsayin gajeriyar maƙala mai shafi bakwai, ya zama littafin jagora a 1952, bugu na bakwai kuma ya fito a 2019. Ginshiƙinsa shi ne sunan marubuci da shekara. A cikin rubutu ana sa sunan ƙarshe na marubuci da shekarar bugu, kamar (Richmond, 1917), sannan cikakken bayanin littafin ya zo a manazarta, a jere bisa tsarin abacada. Idan kalmomin marubucin aka ɗauko kai tsaye, sai an ƙara lambar shafi. Idan maganar ta kai kalma 40, ana ware ta ta zama sakin layi mai zaman kansa, ba alamar zance. Marubuta uku ko fiye, ana rubuta na farko a bi shi da "et al.", wato "da sauransu", tun daga ambato na farko. Bugu na bakwai ya daina neman sunan garin da aka buga littafi, abin da har yanzu wasu masu duba aiki da suka saba da bugu na shida suke sa wa jan biro. Dabara ita ce ɗalibi ya tambayi wane bugu sashensa yake bi kafin ya fara.

Ga wanda ya yi karatun hadisi, tunanin ba baƙo ba ne. Isnadi ma aikinsa ke nan: a san wa ya faɗa, daga wa ya ji. Shi ya sa APA ta hana mutum ya ambaci littafin da bai karanta ba kamar ya karanta. In a cikin aikin wani ya ga maganar, sai ya ce wane ya faɗa kamar yadda wane ya ruwaito, kuma wanda ya karanta ɗin kaɗai zai shiga manazarta.

Sunayen Hausawa suna da nasu rikici, domin an tsara salon ne don mutanen da suke da sunan zuri'a. Ibrahim Yaro Yahaya zai zama Yahaya, I. Y., Abdalla Uba Adamu ya zama Adamu, A. U. Wanda sunansa ya ƙare da garinsu, kamar Gwarzo ko Bichi ko Gaya, sunan garin ne zai tsaya a matsayin sunansa. Ba a sa Farfesa, ko Malam, ko Alhaji, ko Hajiya, komai girman mutum. Kuma ana kwafo suna yadda mai shi ya rubuta a jikin aikin: in Mohammed ya sa, ba a gyara masa zuwa Muhammad. Alƙur'ani ana ambatonsa da sura da aya maimakon shafi, a nuna fassarar da aka yi amfani da ita a manazarta.

Sirrin waɗanda aka yi hira da su

Ɗaliban Kano sukan samo bayanansu a wurare irin su gidan marayu na Nassarawa, gidan gyaran halin yara na Goron Dutse, asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, da ofisoshin Hisba inda ake sasanta ma'aurata. Duk abin da aka ji a irin waɗannan wurare ba ya shiga manazarta. A ƙa'idar APA, maganar mahalarcin bincike ana kawo ta a cikin rubutu ne da sunan aro ko lamba, kamar "Mahalarciya ta 4". Wannan daban yake da hira da jami'i ko masani wanda ya yarda a faɗi sunansa. Shi ana sa sunansa da ranar hirar a cikin rubutu kawai.

Sauya suna kaɗai ba ya wadatarwa a birni irin Kano, inda a unguwannin cikin ganuwa kowa ya san kowa. A ce ɗaliba ta rubuta cewa ta zanta da wata mai shekara 34, mai sayar da awara a bakin wata makarantar firamare a unguwa kaza, mijinta ɗan adaidaita ya sake ta da 'ya'ya biyar. Ba ta faɗi suna ba, amma duk ɗan unguwar da ya buɗe kundin a laburare zai ce ai wance ce. Gyaran shi ne a rage bayanan da ba su shafi batun ba: a ce tana tsakanin shekara 30 da 40, tana ƙaramar sana'a, tana zaune a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin birni. Haka ma hotuna, da muryoyin da aka naɗa a waya, da takardun tambayoyi. Akwai wata kafa da ba a cika lura da ita ba, wato shagunan buga takardu na bakin makaranta, inda ake kai filashi ɗauke da hirarrakin da ba a goge sunaye ba, a bar su a kwamfutar shago. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta shafi irin wannan.

Kafin hira, ana neman yardar mutum bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji. Wanda bai iya karatun boko ba, sai a karanta masa da Hausa, ya dangwala yatsa a gaban shaida. Yaro kuwa sai da izinin waliyyinsa, tare da amincewar shi kansa yaron. Binciken da ya shafi marasa lafiya yana buƙatar takardar kwamitin ɗa'ar bincike, kamar wanda yake Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Tunda hira da Hausa ake yi, kundi kuma da Turanci, fassara tana iya cinye ma'ana. Kalmomi irin su yaji, kulle, riƙo da zawarci ba su da takwarori daidai wa daida. Masu kyakkyawan aiki sukan kawo maganar da Hausarta, su biyo da fassara, su bayyana a babi na uku wanda ya fassara.

Alƙaluma da dokoki

Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Nijeriya ta 2006 ce, wadda ta ba Jihar Kano mutum sama da miliyan 9. Duk adadin da ya biyo bayanta hasashe ne, kuma ya kamata a rubuta shi a haka. Yawan almajirai da yawan sakin aure su ne alƙaluman da aka fi yawo da su daga jarida zuwa kundi, daga kundi zuwa wani kundin, ba wanda ya san tushensu. Madogara mai ƙarfi ita ce irin binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ko wanda Hukumar Ƙididdiga ta yi da UNICEF a 2021. Doka ana ambatonta da sunanta da shekara da sashe, a kuma bambanta ta tarayya da ta jiha: Dokar 'Yancin Yara ta tarayya ta 2003 ce, dokar kare yara ta Jihar Kano kuwa sai a 2023 aka sa mata hannu.

Satar fasaha

Kwafo maganar wani ba tare da ambatonsa ba sata ce, ko da an juya kalmomin, ko da daga Turanci aka mayar Hausa. Sayen tsohon kundi a sauya shafin farko ma haka. Jami'o'i da dama suna tace kundaye da manhajar Turnitin, sai dai kamanceceniyar kalmomi kawai take nunawa, ba ta gane satar ra'ayi. Manhajojin Zotero da Mendeley suna tsara manazarta da kansu, amma sukan birkita sunayen Hausa, sai an bi su da ido. Google Scholar da rumbun mujallun Afirka na AJOL suna taimakawa wajen neman maƙalu, tare da kaffa-kaffa da mujallun da suke buga komai in an biya kuɗi. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 an sami sabuwar matsala: manhajar takan ƙirƙiro sunan marubuci da mujalla da shekara waɗanda babu su. A ranar kare kundi, malami yakan ɗauki madogara ɗaya daga manazarta ya ce ɗalibi ya nuna masa ita, ko ya faɗi abin da ke cikinta.